GONAR NABOT A ƘETAREN KOGIN KADUNA

Abin karatu: 1 Sarakuna 21, Littafin Firistoci 25:23-31, Farawa 23.

A wannan wata muna so mu yi magana a kan gona da fili da gini. Watakila wani zai ce, ina ruwan jaridar Ekklesiya da maganar fuloti? Amma duk wanda ya ke zaune a kudancin kogin Kaduna ya sani da wuya a sami abin da ya fi wannan raba zumunta. Ana kai maganar gaban mai unguwa, ana kai ta kotu, har ta shigo masujada, gama mai saye, da mai sayarwa, da tsohon da ya ƙi sayarwa, sau da yawa a benci ɗaya su ke zama ran Lahadi.

Bari mu fara da tunawa da yadda gari ya iso inda ya ke. Tun kafin zuwan Turawa akwai mutane a bakin wannan kogi, watau Gbagyi, waɗanda Hausawa su ke kira Gwari, manoman doya da dawa. Hanyar jirgin ƙasa mai zuwa Kano ta ratsa ƙasarsu, Gwamna Lugga ya ga wurin ya yi ma sa, a 1917 kuwa aka ɗauke hedkwatar Arewa daga Zungeru aka kawo ta Kaduna. Bayan wannan sai masana'antu suka biyo, yawancinsu a kudu. An buɗe masaƙa ta fari a Kakuri a 1957, waɗansu masaƙu suka bi bayanta, kamfanin Peugeot ya fara haɗa motoci a 1975, matatar mai kuma ta fara aiki a 1980. Kowane ɗayansu ya jawo ma'aikata, kowane ma'aikaci kuwa yana neman ɗakin da zai sa haƙarƙarinsa. Da haka Makera da Kakuri suka cika, gini ya miƙa Barnawa da Narayi da Television da Sabon Tasha.

Sa'an nan tashin hankali na 2000 ya zo, da na 2002. Ba sai mun ba ku labarinsa ba, da yawanku kun gani da idonku. Masu bi suka tattara kayansu daga arewacin kogi suka ƙetaro kudu, Musulmi kuma da yawa suka bar gidajensu na kudu suka koma arewa. Cikin 'yan shekaru kaɗan Unguwar Romi, da Gonin Gora, da Kamazau, da Mararrabar Rido, da sauran ƙauyukan da a da sai ka bi ta cikin dawa ka isa gare su, suka zama unguwannin gari. Gwamnati ma ta shata sabon birni, Millennium City, a gabas, cikin ƙasar Chikun. Babu wanda zai ga laifin mutumin da aka ƙone wa gida don ya nemi wurin zama. Amma kowane bulo da aka ajiye, a kan kunyar wani aka ajiye shi. Shi ya sa har yau, in masu awo suka iso bakin ƙauye da sarƙarsu da turakunsu na siminti, sai ka ga dattawa sun fito sun tsaya, mata suna gunaguni, wani lokaci kuma kafin gari ya waye an tumɓuke turakun. Mutanen gari su kan ce wannan duhun kai ne, ba su son ci gaba. Kafin mu ce haka, mu duba Maganar Allah.

NABOT YA ƘI

Nabot mutumin Yezreyel ne, yana da gonar inabi dab da fadar Ahab, sarkin Isra'ila. Ku lura, Ahab bai fara da ƙwace ba. Tayi ya yi, tayi mai kyau kuwa. Ya ce zai ba shi wata gona wadda ta fi tasa, in kuma kuɗi ya ke so, a biya shi. Dalilinsa ma ba na mugunta ba ne a ido, lambu ya ke so ya yi kusa da gidansa. Da a ce yau ne, da dillalai sun ce Nabot ya taki sa'a. Amma Nabot ya ƙi, ya ambaci sunan Ubangiji, ya ce gādon kakanninsa ne.

Me ya sa? Ba taurin kai ba ne. Nabot ya san shari'a. A Littafin Firistoci sura 25 Allah ya faɗa wa Isra'ila ƙasa tasa ce, su baƙi ne a cikinta, saboda haka ba za a sayar da ita har abada ba. In talauci ya sa mutum ya sayar, danginsa suna da ikon fansa, in kuwa ba mai fansa, a shekara ta 50 gonar ta koma hannun gidansu. Akwai wani abu kuma a wannan sura wanda masu karatu su kan tsallake. Shari'ar ta bambanta birni da ƙauye. Gidan da ke cikin birni mai garu, in an sayar, aka yi shekara guda ba a fanshe shi ba, ya tafi ke nan. Amma gidajen ƙauyen da ba shi da garu, a lissafin gona a ke sa su, ana iya fansarsu koyaushe. Allah ya sani mutumin birni yana da sana'arsa, in ya sayar da gida ya kama wani. Manomi kuwa in ya rabu da ƙasa, ya rabu da abincinsa da na jikokinsa.

Ku yi lissafi da kanku. Fulotin da aka saba yankawa a nan, ƙafa 50 ne a faɗi, 100 a tsawo. Eka guda ta kan ba da irinsa wajen 8, in ba a cire hanya ba. Ranar da aka ƙirga wa manomi kuɗin fuloti 8, sai ya ga kamar ba za su ƙare ba. A yi rufin kwano, a sayi babur, a yi wa yaro aure, a biya kuɗin asibiti, shi ke nan. Ekar kuwa da tana nan, da kowace kaka ta cika rumbu, ta yi wa uba, ta yi wa ɗa. Tsohon da ya tsaya a kan kunyarsa ya ce a'a, ya yi wannan lissafi ko da bai taɓa riƙe alƙalami ba. Ya kuma ga 'ya'yan maƙwabcinsa da ya sayar, yanzu suna dakon bulo da kwaɓa siminti a filin da ubansu ya ke haƙar doya.

Ban da abinci, akwai waɗansu abubuwa da su ke faɗa, in an yi haƙuri an saurare su. Hanyar rafi da aka toshe da katanga. Ɗorawa da kaɗanya da mata su ke ci da su, an sare. Fadamar da ruwa ya ke bi an cike ta an yi gini, damina ta zo ruwan ya shiga ɗakunan mutanen ƙauye. Da kaburbura.

YEZEBEL TA BI TA TAKARDA

Ahab ya koma gida yana fushi, ya kwanta ya juya wa mutane baya, ya ƙi cin abinci. Matarsa Yezebel ta ce ya bar ma ta. Ku duba fa yadda ta yi. Ba ta aika da soja ba. Wasiƙu ta rubuta da sunan sarki, ta buga hatiminsa, ta aika wa dattawan garin. Aka yi shelar azumi, aka zaunar da Nabot a gaban jama'a, aka kawo shaidu biyu kamar yadda shari'a ta ce, sai dai shaidun zur ne. Aka jajjefe shi. Kome ya bi tsari, akwai hatimi, akwai shaidu, akwai dattawa, har da addini a ciki. Amma a gaban Allah kisan kai ne da ƙwace.

Muna faɗin wannan domin takarda ba ta wanke zalunci. A ƙasarmu, tun dokar amfani da ƙasa ta 1978, ƙasar kowace jiha tana hannun gwamna ne, amana domin jama'a. Yana da iko ya karɓi fili saboda amfanin jama'a, diyyar da doka ta tanada kuwa ta abin da ke bisa ƙasar ce, watau gini da shuka da itatuwa, ba ta ƙasar kanta ba. Sai a ƙirga wa mutum mangwaronsa da doyar bana a biya shi, gonar kuwa ta tafi har abada. Ba mu ce kada a yi biyayya ga hukuma ba, an umarce mu mu yi. Makaranta da asibiti da hanya kuma dole a kan ƙasa za a yi su. Amma kalmar amana tana cikin dokar nan, mai riƙon amana kuwa zai ba da lissafi. Gbagyi sun ɗanɗana wannan ba sau ɗaya ba, gama ƙasar da aka keɓe a 1976 domin gina Abuja, da yawanta tasu ce.

ABIN DA YA FARU A GBAGYI VILLA

Yawancinku kun san labarin unguwar nan da ke kusa da Sabon Tasha, a ƙaramar hukumar Chikun. A 2016 gwamnatin Malam Nasiru El-Rufa'i ta ce filin da unguwar ta ke a kai na Babbar Kwalejin Fasaha ta Kaduna ne, wadda a ke kira Poli, an yi gine-ginen ba da izini ba, za a rushe. Mazauna suka ce gidajensu sun kai wajen 3,500, sun saya ne daga masu gonakin na asali, suka kuma ce a zamanin Gwamna Patrick Yakowa an yi sulhu da kwalejin an ja iyaka. Aka yi zanga-zanga, aka shiga kotu, aka yi azumi da addu'a a masujadai. A watan Mayu na 2023, kwanaki kaɗan kafin ƙarewar wa'adin wannan gwamnati, katafila ta shiga unguwar. Wanda ya taɓa ganin mace zaune a kan tarin bulon da jiya ɗakinta ne, ba zai yi wasa da wannan magana ba.

Ba mu ne alƙalai ba, shari'ar iyaka ta kotu ce. Abin da mu ke so ku gani shi ne, a cikin gardamar nan an ji muryar gwamnati, an ji ta masu gidaje, amma akwai na uku wanda ba a cika jin tasa ba, watau manomin da ya riga kwaleji da masu gidaje duka a wurin. Sunan kabilarsa ne a kan unguwar, mazaunanta kuwa daga kabilu dabam dabam su ke. Sa'ad da jan fenti ya hau bangon masu bi, an karanta labarin Nabot a bagadai da yawa, kowa ya ga kansa a cikinsa. Daidai ne. Amma kafin a kafa harsashin gidan, wane ne Nabot a wannan fili? Wane ne kuma maƙwabcin nan mai kuɗi da ya leƙa ta taga ya ga gonar ta yi ma sa kusa? Mudun da mu ke roƙon gwamnati ta auna ma na da shi, da shi ne Ubangiji ya ke so mu auna wa mutumin ƙauye.

Wani zai ce, ni ban ƙwace ba, a hannun dillali na saya, ga rasiɗina, ga sa hannun mai unguwa. To, Ahab ma bai jefa dutse ko ɗaya ba. Bai tambayi matarsa yadda aka yi ba, gama ba ya so ya sani. Da aka ce ma sa Nabot ya mutu, sai ya tashi ya gangara ya karɓi gonar. A can cikin gonar Iliya ya same shi, laifin kuwa a kansa aka ɗora. Rashin tambaya da gangan ba ya kuɓutar da mutum. In fuloti ya yi araha fiye da na kewaye, in dillali yana gaggawa, in ya ce kada ka je wurin tsohon don ba shi da lafiya, ai zuciyarka ta riga ta gaya ma ka.

YADDA IBRAHIM YA SAYA

Kada wani ya ɗauka saye da sayarwa zunubi ne. Mu ba mu ƙarƙashin dokar shekara ta 50, gari kuma ba zai daina girma ba. Baƙo yana da hakkin samun wurin zama, Allah kansa ya umarci Isra'ila su ƙaunaci baƙo. Ibrahim ma baƙo ne a Kan'ana, ya kuwa sayi fili. Ku karanta Farawa 23 a hankali ku ga ladabinsa. Ya tashi ya sunkuya wa mutanen ƙasar, ko da ya ke Allah ya riga ya yi ma sa alkawarin ƙasar duka. Bai je wurin Efron da dare ba, a ƙofar gari aka yi cinikin, a kunnen kowa. Efron ya ce ya ba shi kyauta, Ibrahim ya ƙi. Da aka yanka ma sa shekel 400 na azurfa bai yi ta ja ba, ya auna ya biya. Aka kuma ambaci abin da aka saya ɗaya ɗaya, filin, da kogon Makfela, da itatuwan da ke ciki, har iyakarsa.

Mai bi da ke neman fuloti, ga hanyarka. Ka je da kanka ka gai da dattijon gidan. Ka ce, "Baba, an ce da ni kuna sayar da wurin nan, da saninka?" In ya ce, "Ɗana, ban sani ba," to, ka mai da kuɗinka aljihu. Ka tambaya ko 'yan'uwan duka sun yarda, ko akwai gwauruwa ko marayu da ke ci a wurin. Sau da yawa ɗa guda ne ya ke sayar da abin da ke na mutum goma. Ka tambayi mata kuma. 'Ya'yan Zelofehad mata biyar sun tsaya gaban Musa saboda gādon ubansu, Allah kuwa ya ce suna da gaskiya, kamar yadda ya ke a Littafin Ƙidaya sura 27. In ka ga mutum matsuwa ce ta kama shi, ɗansa yana asibiti, kada ka mai da hawayensa abin neman rangwame.

Bayan wannan ka nemi takarda ta gaskiya. Irmiya, da ya sayi gona a Anatot a bakin shekel 17, ya rubuta, ya kira shaidu, ya sa Baruk ya adana takardun cikin tukunyar ƙasa domin su daɗe. Ka je ofishin KADGIS ka bincika ko gwamnati ta riga ta ba wani wurin, ko ta keɓe shi domin wani aiki, ka kuma nemi izinin gini a KASUPDA. Da wahala, da kashe kuɗi, da yawan komowa gobe, amma bai kai zafin katafila ba.

Ku kuma 'yan'uwanmu masu ƙasa, muna da magana da ku. Ba kowane mai ƙin yarda ne Nabot ba. Nabot bai karɓi kuɗi da safe ya tumɓuke turaku da dare ba. Wanda ya sayar da fuloti guda wa mutum biyu ɓarawo ne, ko da gonar kakansa ce. Wanda ya san gwamnati ta riga ta karɓi wuri, ya ɓoye, ya sayar wa gwauruwa da ta kawo kuɗin sallamar mijinta, zai amsa a gaban Allah ranar da aka rushe ɗakin. Masu unguwa da dagatai da su ke sa hannu don ɗan abin goro, ku tuna da dattawan Yezreyel. Sun san Nabot, amma suka yi abin da wasiƙa ta ce. In za ku ƙi, ku ƙi a fili, baki ɗaya, ba da sanda ko adda ba. In za ku sayar, ku zauna tukuna ku ware abin da ba za a taɓa ba, gona domin yara, da hanya, da filin makaranta. Sai bango ya tsage ƙadangare ya ke samun wurin shiga.

FILIN MASUJADA

Sauran magana ta dattawan Ekklesiya ce da fastoci. A kudancin kogi da wuya ka wuce layi biyu ba ka ga masujada ba, kowacce kuwa a kan gonar wani ta ke. Waɗansu tsofaffi sun ba da fili kyauta da farin ciki, Allah ya sāka ma su. Amma akwai inda aka matsa wa mutum da cewa aikin Allah ne, har kunya ta hana shi cewa a'a. Akwai inda aka ba da fuloti biyu, ranar katanga ta zagaye uku. Maimaitawar Shari'a 27:17 ta la'anci mai kawar da dutsen iyakar maƙwabcinsa, ba ta kuwa ce sai dai in domin masujada ne ba. Akwai kuma inda aka gina makaranta a filin kyauta, aka sa kuɗin da jikokin mai kyautar ba su iya biya, suna wucewa ta bakin ƙofa da tallan gyaɗa. Dawuda, sa'ad da Arauna ya ba shi masussukarsa kyauta domin bagade, ya ƙi, ya biya shekel 50, gama ba ya so ya miƙa wa Allah abin da bai ji zafinsa ba.

Muna roƙon kowace majalisar dattawa ta buɗe littafinta ta duba yadda aka sami filinta. In mai kyautar ko 'ya'yansa suna da rai, a kira su a zauna. In an zarce iyaka a biya, ko a mayar. In akwai makaranta, a ware wa 'ya'yan gidan gurbi. Ahab da kansa, da ya ji maganar Iliya ya yage tufafinsa ya yi azumi, Allah ya lura da shi, ya jinkirta masifar. Amma kada ku tsaya ga azumi kamar Ahab, gama ba a rubuta ya mayar da gonar ba.

Sai maganar kaburbura. Filin da Ibrahim ya auna wa azurfa domin ya binne Saratu ne, a can kuma aka binne shi, da Ishaku, da Yakubu. Tsohon da ke bakin ƙauye shi ma yana da nasa, ba su da siminti, ba su da rubutu, shi kaɗai ya san ƙarƙashin wane itace su ke. Mai awo ba zai gan su ba, taswira ba ta nuna su. Saboda haka kafin magina su ja igiya, mai gini ya ɗauki dattijo guda na Ekklesiya, su je su roƙi tsohon ya zaga filin tare da su, ya nuna inda iyayensa su ke kwance. In wurin ya faɗo cikin harsashi, a matsar da turke, ko da ɗaki guda zai ragu.